Tofin Yaya

Shekara goma sha shida da aure, 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yau dangin mijinta Amarya suke ce mata. Abin da auren auta ke jawowa ke nan. Ba wadda ta shigo gidan a bayanta, sai sunan ya zauna mata daram. Shi ma mijin kafinta ne mai shagon kansa da ma'aikata huɗu, amma a gidansu ba a san shi da wani suna ba sai Auta.

Da likita ya tabbatar cewa ƙarin da ya fito a wuyan Auta ciwon daji ne, aka ba shi gado a hawa na uku, ɗaki mai gado huɗu da taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Za a riƙa ɗura masa magani ta jijiya, wanda suke kira kemo, zango shida, kowane zango bayan mako uku. Babbar nas ɗin sashen, wata mai gilashi da ba ta san wasa ba, ta zaunar da Amarya ta yi mata bayani dalla-dalla. Maganin yana cin cutar, yana kuma cin garkuwar jiki. Murar da za ta sa mai lafiya atishawa biyu, shi tana iya kai shi kabari. Don haka kati ɗaya ake bayarwa, mutum ɗaya ke shiga, da takunkumi a fuska da wankakken hannu, mai tari kuwa ya yi dubiyarsa ta waya.

Mutane sun yi musu kara, wannan kam ko Amarya a ranar fushinta ba za ta musa ba. Ƙanwarta ta kwaso kayanta ta tare a gidan don yara. Maƙwabciyarsu ta ɗauki kai su makaranta da ɗauko su ba tare da an roƙe ta ba. Ma'aikatan shago suka ƙarasa ƙofofin da Auta ya bari rabi da rabi, suka ɗauko hotonsu aka nuna masa a waya, ya duba ya ce an cika gam a ta uku, kowa ya ji daɗi don alama ce da sauran ƙarfinsa. Matan da ke kawo wa Amarya ɗinki suka zo suka kwashe yadukansu ba ko ƙorafi, wata ma ta tsaya ta wanke mata kwanuka. Amininsa Mai Fenti, wani dogo mai dariya kamar ana buga ganga, ya karɓi jinyar Talata da Juma'a don ta samu ta je gida ta yi wanki ta ga yara. Ta juya bayan wata tsohuwar kalanda ta rubuta wa kowa ranarsa, ta manna a ƙofar firij.

Mutum ɗaya ne, wato Yaya, ya ce shi ba a rubuta masa ranar ganin ƙaninsa.

Yaya shi ya raini Auta tun mahaifinsu ya rasu ya bar shi yana shekara shida. Shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya nema masa aure. Tsohon shugaban makaranta ne, ko gaisuwa zai yi sai ka ji kamar yana kiran sunayen 'yan aji. Yana da wata al'ada tun Auta yana yaro: in ba shi da lafiya, zai dafa masa goshi ya karanta addu'a a hankali, sannan ya tofa masa a fuska da ƙirji sau uku. Haka ya yi masa lokacin ƙyanda, haka ya yi lokacin da injin yanka ya cire masa kan yatsa. Ranar da ya fara zuwa asibiti Amarya ta ce ya yi addu'arsa amma takunkumi ya zauna inda yake. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce bai taɓa jin an yi tofi a cikin tsumma ba. Ta ce yau ya ji. Ya bi dokar, amma da gani ka san ya ƙulla.

Zango uku suka wuce lafiya. Ƙarin ya fara saɓewa, har likita ya yi murmushi, abin da bai saba ba.

Sai wata Alhamis da hantsi Auta ya fara rawar ɗari. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, numfashi yana fita da kyar. Nas biyu suka turo gadonsa da gudu suka bi da shi wani dogon lungu, aka shigar da shi ɗakin da ba a shiga, sai leƙe ta gilashi. Kwana tara ya yi a ciki da robar iska a hanci. Amarya ta yi kwanakin a tsaye jikin gilashin nan, har goshinta ya bar tabo a kai, mai shara tana gogewa tana sake mayarwa. Zango na huɗu da ya kamata a yi a makon aka ɗage shi. Likita ya ce huhunsa ne ya kamu, kuma irin wannan cutar wani ne ke kawo ta daga waje.

Ta bi kanta da tuhuma, ta bi ƙanwarta, ta bi yaran da ko asibitin ba su taɓa takowa ba. Amsar ta zo mata da kanta a kwana na shida, ta bakin matar Yaya, wadda ta bugo waya don yi mata sannu. Matar tana da kirki, sai dai bakinta ba ya riƙe ruwa. Cikin jajen ta ce ai su ma gidansu ba lafiya, Yaya ya yi mako yana fama da mura da zazzaɓi, amma mutumin nan da taurin kai, ranar Talatar makon jiya ya sha magani ya tashi daga kwance ya tafi dubiya, wai ba za a ce ƙaninsa yana asibiti shi yana gida lulluɓe da bargo ba.

Amarya ta yi mata godiya, ta kashe waya, ta kira Mai Fenti. Ya zo ya same ta a bencin baranda, ya tsaya yana murza hula. Bai yi musu ba. Ya ce Yaya ya zo, ya karɓi katin a hannunsa, ya shiga, shi kuma yana kallo daga bakin ƙofa. Ya ga ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya dafa goshin Auta yana barci, ya yi addu'a ya tofa sau uku.

"Kana tsaye?" in ji ta.

"Ina tsaye, Amarya. Mutum ne da ya girme ni da shekara ashirin. Me zan ce masa?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Shi ya riga ya hukunta kansa, dariyar nan tasa ta ɗauke gaba ɗaya. Fushinta ta tattara ta ajiye wa mai shi, kuma ba fushin ihu ba ne. Irin wanda ke sa mutum ya natsu ne, ya ci abincinsa, ya wanke hannu, ya zauna ya tsara abin da zai yi. Ta tsani Yaya a ranar, tsana ta gaske, ta kuma yi alkawari tsakaninta da ranta cewa sai ya ɗanɗani tsayuwa a bayan ƙofa.

Da aka fito da Auta aka mai da shi hawa na uku, ya zama kamar rabin kansa. Amarya ta sa katin a igiya ta rataya a wuya, ta tura shi cikin riga. Ta sami mai gilashi ta gaya mata komai, nas ɗin ta rubuta wani abu a takarda. Ta sami mai gadin sashen ta kwatanta masa Yaya: dogo, farin gemu, yana tafe kamar asibitin nasa ne. Ta sake tsara kalanda, kowa ta mayar masa da ranarsa, har Mai Fenti, bisa sharaɗin ba ya miƙa katin ga kowa, kuma ba wanda zai ambaci Yaya a gaban majinyaci.

Yaya ya warke ya zo, da kwandon lemo a hannu. Mai gadi ya tare shi. Ya ce shi ne wan majinyacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gadi ya ce ko shi ya haife shi, sai da kati. Aka kira Amarya. Ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikinsa, ta ce ta ji ya sha fama da mura. Nan fuskarsa ta canza.

"Addu'a na yi masa," ya ce.

"Na sani, Yaya. Kwana tara muka yi muna karɓar amsarta."

Ta miƙe ta koma ciki. Lemon ta bar wa mai gadi.

Washegari ya dawo, jibi ma haka. Da ya ga umarni ba ya aiki a nan, sai ya koma zama a bencin baranda daga ƙarfe goma zuwa la'asar, hannu biyu a kan sanda. Duk fitar da za ta yi, ɗebo ruwan zafi ko karɓo magani, sai ta wuce ta gabansa, kuma sai ta gaishe shi. Gaisuwar ce ma ta fi ci masa rai, ta kuwa san haka. Dangi suka shiga sintiri. Gwaggonsu ta zo da sandarta ta ce tsautsayi ne, ba da gangan ya yi ba. Amarya ta ce ta yarda, shi ya sa ba ta kai shi ƙara ba. Matar Yaya ta yi kuka a waya, ta ce ba ya cin abinci, ta ce da ta sani da ta ɗinke bakinta. Amarya ta ce ai Auta ma ba ya ci. Har ƙanwarta ta ce, "Anti, ya isa haka," ta ce mata ta kula da wankin yara.

A ciki kuwa Auta yana tambaya. Da farko sau ɗaya a rana, daga baya duk lokacin da ƙofa ta motsa sai ya juya kai. Ta ce masa Yaya ya yi tafiya. Da tafiyar ta yi tsawo ta ce ya dawo amma hidima ta yi masa yawa. Ƙarya take yi wa mijinta a kan gadon asibiti, ta san hakan sarai, amma duk lokacin da zuciyarta ta so yin laushi sai ta tuna gilashin nan da robar iska, sai ta ji ta daidaita.

Mako biyar aka yi ba a ɗura magani ba. Da aka sake ɗaukar hoto, likita ya kira ta ofis ya nuna mata. Ƙarin da ya saɓe ya dawo, har ya yi 'ya'ya a ƙirji. Ya ce ba su fid da rai ba, za su canza magani mai ƙarfi, amma lokacin da aka rasa an rasa shi. Kafin nan kuma sai an yi masa ƙarin jini, leda uku, kuma dokar wurin ita ce dangi su kawo masu bayarwa su mayar da abin da za a fitar.

Kafin ta gama faɗa ma'aikatan shago sun rufe sun taho da ƙurar katako a gashin ido. Biyu aka karɓa, biyu aka ce jininsu bai kai ba. Mai Fenti an ce hawan jininsa ya yi yawa. Saura leda ɗaya. Mijin maƙwabciya ya ce gobe da safe zai zo, kuma da ta jira da ya zo ɗin. Amma Amarya ta fita baranda ta tsaya a gaban benci.

"Ana neman jini, Yaya."

Ya miƙe tun ba ta rufe baki ba. Shekarunsa sun kai bakin iyaka, sai da suka auna shi sau biyu suka yi shawara kafin suka yarda. Ta raka shi ƙasa, ta tsaya tana kallon ledar tana cika, ba ta ɗauke ido ba. Da aka gama aka manna masa auduga a gwiwar hannu, suka hawo tare, yana dafa bango. A bakin ƙofar sashen ya tsaya ya miƙo hannu, yana jiran katin kamar yaron da ya gama aikin da aka sa shi.

"Allah ya saka da alheri," ta ce. "Jinin muka nema."

Ta shige ta bar shi da hannu a miƙe. Daɗin da ta ji a lokacin ba kaɗan ba ne, kuma ba ta ji kunyar jin sa ba.

Aka ɗaura wa Auta jini washegari. Zuwa la'asar leɓɓansa sun ɗan yi ja, ya sha rabin kofin shayi. Ya tambayi waɗanda suka bayar, ta lissafa masa ma'aikatansa biyu, ta ce na ukun wani bawan Allah ne. Ya juya yana kallon taga, har ta ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Sai ta ga hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne.

Ya ce yaran shago sun ba shi jininsu, bare ya ba shi, amma wanda ya goya shi ko leƙe. Ya ce ya yi ta tunani ko wani laifi ya yi masa, ya bi shekara arba'in ɗaya bayan ɗaya bai samu ba. Ko dai likita ya gaya wa Yaya abin da ba a gaya masa ba, shi ya sa ba ya son ganinsa? Ta ce ba haka ba ne. Ya ce to in dai har Yaya ya cire rai da shi, shi bai ga amfanin sabon maganin nan ba, a bar shi ya koma gida ya kwanta a ɗakinsa.

Nan Amarya ta ga inda sandarta ta sauka. Yaya take duka, mijinta ke jin zafin. Ta ji tsoro, don gobe ne za a fara sabon maganin, kuma ta san Auta, in ya ce a'a ko injin shagonsa ba ya ja da shi. Ta san dole ta buɗe ƙofar nan. Amma kyauta kam ba za ta buɗe ta ba.

Ta fita. Yaya yana benci, audugar jiya har yanzu tana manne a hannunsa, ta yi datti. Ta ciro katin daga wuyanta ta riƙe igiyar.

"Za ka shiga," ta ce. "Amma bai san abin da ya kai shi ɗakin can ba. Bai san me ya sa ciwon ya dawo ba. Kai za ka gaya masa, da bakinka, ina tsaye. In ka rage ko kalma ɗaya, ni zan cika."

Ya daɗe yana kallon katin. Ya ce ta yi masa rai, ta bari sai yaron ya samu sauƙi. Ta ce to ya ci gaba da zama. Ta juya za ta tafi, ya kira ta, ba da muryar shugaban makaranta ba.

Mai gilashi da kanta ta tsaya a kansa ya wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura masa takunkumi ta matse. Amarya ta bi shi ta tsaya a ƙarshen gadon. Da Auta ya gan shi sai ya yi yunƙurin tashi, fuskarsa ta washe yadda ba ta washe wa kowa ba tun da aka kwantar da shi, har da ita. Ya kamo hannun Yaya da hannu biyu ya kai goshinsa.

Yaya bai karanta komai ba. A tsaye ya faɗa, daga farko har ƙarshe: zazzaɓin, maganin da ya sha don ya ɓoye, katin da ya karɓe a hannun Mai Fenti, takunkumin da ya sauke. Ya ce an gaya masa, ya ji, ya ga kamar ya fi su sani. Ya ce makonnin nan duk yana waje a kan benci. Bai ce ita ta hana shi shiga ba, ita ce ta faɗa, don ta ce ba za a rage komai ba. Takunkuminsa ya jiƙe sharkaf, tsoho mai farin gemu yana shessheƙa a gaban majinyata uku da masu jinyarsu, kowa ya sunkuyar da kai. Abin da ta yi makonni tana jira ke nan, ta kuwa kalle shi tsaf.

Auta bai saki hannun ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya sauke shi daga goshinsa ya ajiye a kan bargo ya ci gaba da riƙewa. Ya ce wa nas ɗin da ke bakin ƙofa a shirya maganin gobe, zai karɓa. Sannan ya juyo ya dubi matarsa, kallon da bai taɓa yi mata ba a shekara goma sha shida, ba na fushi ba, na wanda ya gaji ƙwarai.

"Ni na rasa mako biyar a hannunsa, na rasa shi mako uku a hannunki," ya ce. "Kin huce?"

Ta duba zuciyarta da gaske, don ba ta son ƙara masa wata ƙaryar. Ciwon yana nan a ƙirjinsa, kuka bai rage shi ba, kuma ba wanda ya san ko sabon maganin zai kama.

"Ban huce ba," ta ce.

Ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Mai gilashi ta matso ta tuna musu cewa mutum ɗaya doka ta yarda ya zauna. Auta bai buɗe hannunsa ba. Amarya ta ɗauki jakarta da filas ɗin shayi, ta fita baranda ta zauna.